Matambayi Ba Ya Ɓata, Ko Da A Tekun Ɓarayi Ne

Akwai wani tela a unguwar Agege ta birnin Legas wanda tun tasowarsa bai taɓa ɗaukar wasan na'ura a bakin komai ba. A ganinsa aikin yara ne da marasa abin yi. Amma a ƙarshen shekarar 2024 sai ga shi ya ƙirga kuɗin da ya yi wata biyar yana tarawa, ya ɗaure su a aljihu, ya nufi kasuwar kayan lantarki don ya sayi na'urar wasa. Duk wanda ya ji dalilinsa kuwa ba zai yi masa dariya ba.

Yana da ƙane guda ɗaya tak, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya tafi Ingila neman ilmi. Shi ya riƙe yaron tun rasuwar mahaifinsu, da kuɗin ɗinki ya saya masa littattafai har ya gama sakandare. Farkon tafiyar sukan daɗe suna hira ta waya. Sannu a hankali zance ya yi ta raguwa, har ya zamana daga "Yaya, ina gajiya?" sai "Yaya karatu?" sa'an nan shiru, kowa na jiran ɗan'uwansa ya kawo wata magana. Babu faɗa, babu gaba, nisa ne kawai da rashin abin da ke haɗa su. An ce zumunci a ƙafa yake. To, ina ƙafar da za ta taka daga Agege zuwa Ingila?

Ran nan sai ƙanen ya ce masa, "Yaya, akwai wani wasa da nake yi a PlayStation, sunansa Sea of Thieves, watau Tekun Ɓarayi. Jirgin ruwa ake tuƙawa, mutum ɗaya kuwa wahala yake sha. Da za ka sami na'ura, da mun riƙa tuƙi tare muna taɗi." Tela bai ce komai ba a lokacin, amma maganar ta zauna masa a rai. Kalma ɗaya ya riƙe, ita ce PlayStation.

Da ya isa kasuwa ita ya ambata. Mai shago ya ɗauko masa PlayStation 4 ta hannu, irin wadda ya saba gani a gidajen gem inda samari ke buga ƙwallo, ya biya, ya dawo gida yana murna. Ya haɗa ta da talabijin, ya haɗa da intanet, ya shiga neman wasan. Dare uku yana lalube bai ga ko alamarsa ba. Da ya gaji ya kira ƙanen, sai yaron ya tambaye shi, "Yaya, wace lamba ce a jikinta?" Ya ce huɗu. Yaron ya yi salati, ya ce tasa biyar ce, kuma wasan ba ya tafiya a kan huɗu ko kaɗan.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata ya ji yadda al'amarin yake, gama kuskuren telan nan kowa na iya faɗawa cikinsa.

Wani kamfanin Ingila mai suna Rare ne ya ƙirƙiro Sea of Thieves. Kamfanin Microsoft na Amurka, mai na'urorin Xbox, shi ya sayi Rare tun 2002, saboda haka wasan ɗan gidan Xbox ne. Ya fito ran 20 ga Maris, 2018, a kan abubuwa biyu kaɗai: na'urar Xbox One da kwamfuta mai Windows 10. A watan Yuni na 2020 aka kai shi Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet. A Nuwamban wannan shekara da sababbin na'urori biyu, Xbox Series X da Xbox Series S, suka fito, wasan ya hau kansu, ya ma fi kyau da sauri. Shekara shida cur ke nan masu na'urorin kamfanin Sony, watau PlayStation, sai dai su ji labari.

A Fabrairun 2024 Microsoft ya ba da sanarwar zai kai wasanninsa huɗu kan na'urorin abokan gasarsa. Biyu daga ciki, Pentiment da Grounded, sun sauka har kan PlayStation 4 da Nintendo Switch. Shi kuwa Sea of Thieves a PlayStation 5 kaɗai ya sauka, ran 30 ga Afrilu, 2024. Ba a yi na PlayStation 4 ba, ba a yi na Nintendo Switch ba, ba a kuma yi wanda ake sakawa kai tsaye a kwamfutar Mac ko a wayar hannu ba. Wanda aka gani yana yin sa a waya, ta wata hanya ya bi: wasan yana gudana a manyan kwamfutocin Microsoft, hoton kawai ake aiko masa ta intanet. Wannan hanya kuwa sai a ƙasashen da kamfanin ya buɗe ta, kuma sai da intanet mai ƙarfi wanda ba ya yankewa.

Abin mamaki shi ne PlayStation 4 da Xbox One sa'o'in juna ne, duka a 2013 suka fito. Ɗaya tana ɗaukar wasan, ɗaya ba ta ɗauka. Ashe ba ƙarfin na'ura kaɗai ke yanke hukunci ba, har da ra'ayin mai kaya game da inda yake son kayansa su shiga.

Da tela ya fahimci haka sai gwiwarsa ta yi sanyi, domin kuɗin PlayStation 5 ya fi ƙarfin aljihunsa nesa ba kusa ba. Ya mai da na'urar kasuwa yana neman a rage masa hasara. A nan ne wani yaro mai gyaran na'urori, da ya ji labarin, ya ce masa, "Maigida, ai ba lalle sai kun yi iri ɗaya da ƙanenku ba. Wannan wasan teku ɗaya ne ga kowa. Mai Xbox da mai kwamfuta da mai PlayStation 5 duk suna iya shiga jirgi guda." Gaskiya yaron ya faɗa. Tun fitowar wasan masu Xbox da masu kwamfuta suke haɗuwa, da PlayStation 5 ta shigo kuma aka haɗe su gaba ɗaya. Aka yi ciniki, aka musanya masa da tsohuwar Xbox One, ya cika 'yan kuɗi kaɗan, ya haƙura da abin da ya rasa.

Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba. Wasan ba ya yiwuwa sai da intanet, ko da mutum shi kaɗai yake son ya yi. Tilas kowa ya yi rajista da Microsoft, har mai PlayStation 5. Mai Xbox da mai PlayStation kuma akwai kuɗin wata-wata da kamfanoninsu ke karɓa kafin mutum ya yi wasa da wasu ta intanet, abin da ba a ɗora wa wanda ya sayi wasan a kwamfuta ba. Ga nauyin wasan, wanda sauke shi ke lashe data mai yawan gaske. Ga kuma wutar lantarki, wadda sau biyu tana ɗaukewa ana tsakiyar saukewa. Sai da aka yi mako guda kafin komai ya daidaita.

Jiragen wasan iri uku ne: ƙarami na mutum ɗaya ko biyu, matsakaici na mutum uku, da babba na mutum huɗu. Ƙaramin suka ɗauka. Ƙanen ya kama sitiyari, ya ce, "Yaya, ɗaga anka, sa'an nan ka saki ƙyallen nan iska ta buga." Ba su yi nisa ba suka yi karo da dutse, jirgi ya huje, ruwa ya fara shigowa. Dokar wasan ita ce a toshe huji da katako, a kwashe ruwa da bokiti, in an yi sanya jirgi ya nutse. Tela ya yi ta gudu yana ɗiban ruwa yana zubarwa cikin jirgin maimakon teku, ƙanen yana dariya har da tari. Rabonsa da jin wannan dariya tun ranar da ya raka shi filin jirgin sama.

Da yake akwai sauran 'yan wasa a tekun masu harbi da igwa su ƙwace akwatin dukiya, sai suka fara da sashen da aka ƙara a Disamban 2023, inda mutum da abokan tafiyarsa kaɗai ke cikin teku, babu baƙon jirgin ɗan wasa. Tsakanin tsibiri da tsibiri tafiya ce mai ɗan tsawo, ba abin yi sai duban taswira da kamfas. A irin wannan zama ne bakin yaron ya buɗe. Ya faɗi yadda sanyi da kaɗaici suka dame shi, da jarrabawar da ya faɗi ya ɓoye don kunya. Yayan ma ya faɗi nasa, na tsadar haya da ciwon bayan da keken ɗinki ya jawo masa. Maganar da waya ta kasa fitarwa cikin shekara biyu, jirgin ƙarya ya fitar da ita cikin dare ɗaya.

Yanzu daren Asabar suka keɓe, sa'a biyu ba ƙari, don kada wasa ya ci lokacin karatu ko na ɗinki. Duk wanda ya zo shagonsa da zancen sayen na'ura, shawara ɗaya tela yake ba shi: ya fara sanin wasan da yake so da wanda zai yi shi da shi, ya tambayi sunan na'urar har da lambarta, sa'an nan ya sa hannu a aljihu. Shi da bai tambaya ba, lamba ɗaya ta kusa cinye masa gumin wata biyar.