Kafin Ku Lulluɓe Kabad Ɗin Ƙarfe Da Katako

Tun lokacin kullen korona a 2020, gidaje da yawa suka ware wani lungu a falo ko ɗaki ya zama ofis: tebur, kujera, kwamfuta, sai wurin ajiye takardu. Abin da ya fi sauƙin samu shi ne tsohon kabad ɗin ƙarfe mai durowa huɗu, irin wanda ofisoshi ke sayarwa gwanjo idan sun sake kaya. Yana da ƙwari, gara ba ta cin sa, ɓera ba ya huda shi, ga makulli. Aibinsa ɗaya, muni. Ka ajiye shi kusa da kujerun falo sai ka rantse a sakatariyar ƙaramar hukuma kake. Shi ya sa ake kiran kafinta ya lulluɓe shi da filawud ko allon MDF, ya shafa masa fenti ya dace da sauran kayan ɗaki.

Ni ma ina da irinsa a gida, kuma na sa an lulluɓe shi, don haka ba hana ku zan yi ba. Sai dai kafinta kyau yake nema, ba ruwansa da cewa akwai ɗan shekara biyu a gidan. Wannan lissafin naku ne.

Babban haɗarin shi ne rikitowa. Kabad ɗin takardu dogo ne siriri, kuma durowarsa tana fitowa kusan gaba ɗayanta. Idan aka jawo ta sama cike da fayil, nauyin ya koma gaba ke nan. To ku ƙara katako mai kauri a fuskar kowace durowa, sannan yaro ya buɗe ta ƙasa ya taka zai hau, kamar yadda suka saba. A Amurka, kamfanin IKEA ya janye durowoyin kaya kusan miliyan 29 a 2016 bayan wasu sun faɗo wa yara sun kashe su, kuma waɗancan tufafi ake zubawa a ciki. Takarda ta fi tufafi nauyi nesa ba kusa ba.

Saboda haka ku ce a sa filawud mara kauri, milimita 4 zuwa 6 ya isa, tunda ado ne kawai, ƙarfen ne ke ɗaukar nauyi. Takardu masu nauyi su zauna a durowar ƙasa. Sannan a ɗaure kabad ɗin da bango ta sama, da ƙarfe mai kusurwa da sukuru. Na san masu zaman haya za su ce mai gida ba ya son a huda masa bango. Ramuka biyu ne ƙanana, ranar tashi ɗan siminti ya toshe su. Wasu kabad ɗin kuma suna da wani sandan ƙarfe a ciki da ke hana a buɗe durowa biyu lokaci guda. Idan kafinta ya ce yana ba shi matsala zai cire, kada ku yarda, don hana rikitowar aka yi shi.

Haka makulli. Sau da yawa katakon yakan rufe ramin makullin, sai a ce ai ba komai, a gida ne. A wurina makullin ya fi komai daraja a jikin kabad ɗin, domin a durowar sama nake kulle magungunan gida, kuma haka nake ba iyaye shawara a kantin magani. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu ja ce sumul kamar alewa, amma idan yaro ya haɗiyi da yawa tana iya kashe shi. Farasitamol idan ya wuce ƙima hanta yake lalatawa, kuma a ranar farko yaron zai iya zama kamar lafiyarsa lau. Maganin hawan jini da na ciwon suga na kakanni ma haka. Idan za ku ajiye magani a ciki, ku duba inda kabad ɗin zai tsaya: yawancin magungunanmu an rubuta a kwalinsu a ajiye ƙasa da digiri 30, don haka ban da jikin taga mai rana ko bangon kicin. Insulin da ba a fara amfani da shi ba kuwa wurinsa firiji.

Aikin kansa a yi shi a waje, a tsakar gida ko shagon kafinta. Kafin a manna katako sai an goge tsatsa da tsohon fenti, kuma tsohon fentin ƙarfe yana iya ƙunsar dalma. Ba mu manta da yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba. Can daga haƙar zinariya ta fito, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce: ƙura a ƙasa, hannun yaro, baki. A jiƙa wurin kafin a goge, mai aikin ya rufe hanci, mai ciki da yara su yi nesa, a kuma share da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Mazauna Legas da Fatakwal ku tabbata an shafa fentin hana tsatsa ya bushe tukuna, in ba haka ba laima za ta ci ƙarfen a ƙarƙashin katakon ba ku sani ba.

Sai gam. Wanda kafintoci ke manna filawud da shi warinsa irin na sholisho ne, yana sa ciwon kai da jiri. Allon MDF kuma da sinadarin fomaldihaid ake haɗa shi, wanda ke sa ƙaiƙayin ido da tari, yana kuma iya tayar wa mai asma da ciwonsa. Sabon allo ya fi fitar da shi, zafi da laima na ƙara shi. A shafe duk gefen da aka yanka da fenti, a bar kabad ɗin a baranda ya sha iska kwanaki har warin ya tafi kafin ya shiga ɗakin da ake kunna AC a rufe taga.

Abu ɗaya da ake yawan kuskuren fahimta: kabad ɗin ƙarfe na yau da kullum ba ya kare takarda daga gobara, zafin kaɗai ya isa ya ƙone abin da ke ciki, balle an ƙara masa katako. Takardar fili, shaidar kammala makaranta da katin rigakafin yara, ku ɗauki hotonsu ku ajiye a imel kafin ku saka su a durowa.