Ɗan Ina-da-kisa Mai Ladabi

Da Alain Delon, ɗan wasan Faransa, ya mutu a watan Agusta na 2024, hoton da na riƙa cin karo da shi a ko'ina shi ne na wani saurayi mai doguwar kwat da malafa, fuska ba yabo ba fallasa, wanda duk mai sha'awar tsofaffin finafinai zai shaida cewa Jef Costello ne na fim ɗin Le Samouraï, wanda Jean-Pierre Melville ya shirya a 1967. Shi Jef sana'arsa kisa ce, a biya shi ya kashe, amma Melville ya tufatar da shi da natsuwa da zuhudu irin na masu halwa, har mai kallo ya kan manta da ladan da aka biya. Ɗakinsa fayau yake, ba kowa sai tsuntsu a keji; fim ya kan ci kusan minti goma kafin a ji muryar ɗan Adam; in zai saci mota, sai ya zauna yana gwada makullai ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa ba waige. Ya kashe mai wani gidan rawa a Paris, wata mai kaɗa fiyano ta gan shi ido da ido, amma da 'yan sanda suka jera mata mutane ta ƙi nuna shi. Daga baya da aka ba shi kwangilar ranta, ya je ya auna ta da bindiga, 'yan sanda suka harbe shi, aka buɗe bindigar aka tarar babu harsashi.

To, daga ina wannan sharaɗi da ya ɗaure kansa da shi ya fito? A farkon fim ɗin an rubuta wata magana a kan kaɗaicin samurai, jaruman Japan na da, aka jingina ta ga littafin Bushido, alhali kuwa Melville ne ya ƙirƙire ta da kansa, wato dai a istilahin malamanmu maganar mauduʼa ce, ba ta da isnadi. Wani zai ce ai Jim Jarmusch ya gyara wannan a Ghost Dog na 1999, domin jaruminsa, Forest Whitaker, wanda ke kwana a saman bene cikin tantabaru, su ne ma ke kai masa saƙo, littafi na haƙiƙa yake karantawa, Hagakure. Sai dai shi ma wannan littafi, wanda aka tattara daga bakin Yamamoto Tsunetomo a farkon ƙarni na 18, an yi shi ne a zamanin da Japan ke zaune lafiya, kuma mai shi bai taɓa shiga fagen fama ba. Ma'aikacin fada ne wanda, bayan mutuwar ubangidansa a 1700, aka hana shi bin sa lahira, sai ya aske kai ya shiga zuhudu yana begen zamanin da ya wuce. Ashe ke nan daga mafarki aka ciro dokar, aka miƙa wa wani mafarkin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, ya ku 'yan'uwa, shi ne cewa duk ƙa'idojin nan, in aka bi su ɗaya bayan ɗaya, sun shafi yadda za a yi aikin ne kawai, ba su taɓa tambayar ko aikin ya halatta ba. Kada a ci amanar wanda ya ba da kwangila, kada a yi surutu, kada a taɓa mace ko yaro, kamar yadda Léon, mai shan madara da renon shuka a tukunya, ya sharɗanta wa kansa a fim ɗin Luc Besson na 1994. Waɗannan duka ladubba ne, kuma ladabi ba ya mayar da haram halal, kamar yadda mahaucin da ya wasa wuƙa, ya fuskanci alƙibla, ya yi bisimilla, bai fita daga sata ba in ragon na maƙwabci ne. Ko ɗalibin da bai yi nisa a fiƙihu ba ya san cewa ijara a kan saɓo ɓatacciya ce tun daga tushe, balle a yi maganar cika alkawarinta. Masu shirya finafinan sun san haka sarai, shi ya sa suke kewaye jarumin da mutanen da suka fi shi lalacewa, maciya amana da ɓatagarin 'yan sanda, kuma suke hanzarta kawar da gawar wanda ya kashe kafin mu tambaya ko yana da 'ya'ya. Mai gidan rawan da Jef ya harbe, in ka ƙifta ido ka rasa shi.

Ban ce a daina kallo ba, domin gwaninta gwaninta ce, kuma wanda ya ga yadda Jef ya ɓace wa 'yan sanda a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris ya san Melville ba ƙaramin malami ba ne a fanninsa. Amma a cikin masu shirya finafinan nan wanda na fi yarda da adalcinsa shi ne John Woo na Hong Kong, a The Killer na 1989. Jaruminsa, Chow Yun-fat, a wurin aiki wutar bindigarsa ta lalata idanun wata mawaƙiya wadda ba ta ji ba ta gani ba, kuma Woo bai kawar da ita gefe ba. Ya bar ta tana lalube a gabanmu har ƙarshen fim, shi kuwa mai laifin ya karɓi kwangila ta ƙarshe don ya tara kuɗin yi mata aiki, wato zai biya diyyar ido da ran wani. Ya kuma yi wasiyya cewa in ya mutu a dasa mata nasa idanun, amma a faɗan ƙarshe cikin coci sai aka harbe shi a ido, wasiyyar ta faɗi. Wannan hukunci ya fi na Melville tsanani nesa ba kusa ba, ko da yake harsasan da Woo ya ɓarnatar kafin ya kai ga yanke shi sun isa yaƙin ƙaramar ƙasa.