Sati biyu a ƙasar Maraɗi, da lasifikar da ba mu kunna ba

Jama'a, tun da muka dawo hutu ake tare ni a hanya ana tambaya yadda tafiyarmu ta bishara zuwa Nijar ta kasance. Bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Abokaina Musulmi, kada ku wuce, akwai rabonku a ciki.

Ni ɗan Jaba ne, ƙauyenmu ba nisa da Nok. Ina yaro Turawa iri biyu na saba gani: masu zuwa kallon inda aka tono mutum-mutumin yumɓun nan, da masu zuwa cocinmu su yi kwana goma. Na biyun su shafa wa aji fenti, su raba alewa, su ɗauke mu hoto, su tafi. Kawuna mai fenti ne, yana zaune ba aiki, yana kallonsu. Ba wanda ya tambaye shi ko sunansa. Abin ya daɗe yana min ciwo.

To, ga ni nan na yi irin nasu.

Mu goma sha huɗu muka tashi daga Kafanchan, 'yan zumuntar ɗalibai. Muka bi ta Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, muka sauka wani ƙauye bayan Maraɗi. Kuɗin da aka yanka min, Mama ce ta sayar da akuya ta cika, don tun da cuta ta cinye citta a 2023 gidanmu bai farfaɗo ba. Mun ɗauko janareta, lasifika, da na'urar haska fim. A ranmu ai Hausa ɗaya ce, me zai gagara? Ranar farko wata tsohuwa ta ce a kai ta likita, muka tsaya neman mutum, ashe asibiti take nufi.

Shirinmu shi ne wa'azi a fili ranar kasuwa. Baba Fasto, wanda ya sauke mu, ya saurara har muka gama, sannan ya ce a'a. Shugabanmu ya fara kawo ayoyi. Dattijon ya ce, “'Ya'yana, ku ranar Litinin za ku hau mota. Ni a nan za a binne ni.” Ya ce a Janairun 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, maƙwabtansa Musulmi ne suka shimfiɗa tabarma a ƙofar cocinsa suka kwana. Shekaru ya yi yana zuwa musu suna da gaisuwar mutuwa kafin a kai nan. Kalma ɗaya ta baƙon da bai san gari ba, a lasifika, ta isa ta rushe wannan duka.

Gaskiya kunya ta kama ni, don in akwai wanda ya kamata ya san haka ba sai an faɗa masa ba, ɗan Kafanchan ne. Rikicin Maris 1987 daga taron ɗalibai ya fara, a Kwalejin Ilimi, kafin ya kai Kaduna, Zariya, Funtuwa da Katsina. Ba a haife ni ba, amma har yau iyayenmu, Kirista da Musulmi, suna rage murya in za su yi zancensa.

Muna yawan alfahari da tarihin mishan, amma muna tsallake wani wuri. Mutum uku na farko na SIM sun iso a 1893, kafin ƙarshen 1894 biyu sun mutu. Waɗanda suka buɗe tasha a Kwoi a 1910 zama suka zo yi, suka koyi harshe, suka ci tuwonmu. Suna da nasu laifin, musamman yadda suka raina al'adun kakanninmu, amma ba wanda zai ce yawon buɗe ido suka zo. Haka masu bishara na EMS da ECWA ke turawa: da mata da yara ake tafiya.

Mu fa? Mun taya noman gero, hannuwanmu suka yi kanta, yaran gari suna mana dariya. 'Yan mata biyu masu karatun jinya su kaɗai suka yi abin da za a kira amfani, don layi ake yi a wurinsu tun asuba. Da na zauna na yi lissafi, kuɗin motarmu kaɗai ya fi abin da Baba Fasto ke samu a shekara. Matarsa kuma ta yanka mana zabi uku, na san ba daga yalwa ba.

Ba na cewa a daina tafiya. Ni dai na ƙaru, kuma addu'ata ta canja. Amma mu daina rubuta “mun ci ƙasar Nijar domin Yesu” a ƙarƙashin hoton yaran da ba mu san sunansu ba. Na goge nawa.

Na kai wa kwamiti shawara: baɗi a tura mutum huɗu, waɗanda Baba Fasto ya ce yana bukata, sauran kuɗin a aika masa. Wani ɗan'uwa ya ce bangaskiyata ce ta yi sanyi. Ranar Alhamis za a sake zama. Shekaranjiya Baba ya kira, yana tambaya ko na samo masa tabarau na karatu da na yi alkawari. Ban samo ba tukuna.