Matakalan Huon: Ƙasa Ce Ta Hau Ko Teku Ne Ya Sauka?

A arewa maso gabashin Papuwa Niyu Gini, a zirin ƙasar da ake kira Huon, tudu yana tashi daga bakin teku hawa-hawa kamar matakalar bene, a tsawon gaɓa na kimanin kilomita 80. Ba hannun ɗan'adam ne ya sassaƙa su ba. Kowace matakala tsohuwar gaɓa ce, wadda aka gina da murjani da yashi da tsakuwar da koguna suka zubo. Murjanin da ake nufi ba jan dutsen adon mata ba ne, farin dutse ne da wasu ƙananan halittu ke ginawa a ruwa marar zurfi, inda hasken rana ke kaiwa. Saboda haka duk inda aka tarar da shi a kan tudu, to lalle fuskar teku ta taɓa tsayawa a wurin.

Matakalar da aka ƙiyasta shekarunta da kimanin 125,000 tana kusan mita 400 sama da ruwa a wasu wurare. Teku bai taɓa cika har can ba a wancan zamani. Ƙasar ce ke hawa, domin wurin yana inda farantan ɓawon duniya ke gogayya, kuma hawan ya haura mita 3 a kowace shekara dubu a ɓangaren da ya fi sauri. Amma shi ma tekun bai zauna wuri guda ba. Idan ƙanƙara ta taru a doron ƙasa sai ya janye, idan ta narke sai ya dawo. Shekaru kimanin 20,000 da suka shige yana ƙasa da inda yake yau da mita 120 ko fiye. Ashe kowace matakala shaida ce ta motsi biyu da suka cakuɗe, kuma dutsen ba ya faɗin rabon kowanne.

John Chappell, wanda ya yi aikinsa a Ostireliya, shi ya fi kowa daɗewa a kan wannan ƙulli. Daga 1970 zuwa 1974 shi da abokan aikinsa sun fitar da shekarun matakalan ta hanyar auna sinadaran yuraniyom da toriyom da ke cikin murjanin. Dabararsu mai sauƙin faɗi ce. Sun ɗauka cewa shekaru 125,000 da suka wuce teku ya ɗara na yau da kimanin mita 6, kamar yadda gaɓoɓin da ba sa motsi suka nuna. Da wannan suka fitar da saurin hawan ƙasar, sa'an nan suka ɗebe shi daga tsayin sauran matakalan; abin da ya rage shi ne tarihin teku. Mai nazarin Tarihin Kano ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin shi ma daga lokacin jihadi yake ƙirgo shekarun sarakuna yana komawa baya, kuma ya san idan turken ya goce, lissafin duka ya goce.

Raunin dabarar a fili yake, kuma masu ita ba su ɓoye shi ba: ta ɗauka cewa ƙasa na hawa da sauri iri ɗaya. Alhali ƙasa zabura take yi. Bayan girgizar ƙasar da ta rushe Concepción ta ƙasar Cile ranar 20 ga Fabrairu, 1835, Kyaftin FitzRoy, wanda Darwin ke cikin jirginsa, ya tarar da halittun ruwa masu ƙwanso suna ruɓewa a manne da duwatsun tsibirin Santa María, ƙafa goma sama da iyakar cikar ruwa. Shekaru ashirin bayan haka, a 1855, girgiza ɗaya ta ɗaga gaɓar Turakirae ta Niyu Zilan da fiye da mita 6. A Huon ɗin ma daga baya an gano ƙananan matakalai da ke nuna irin wannan zabura.

Duk da haka ba daidai ba ne a yi watsi da lissafin. Zaburar da ta girgiza mutanen zamani guda, idan aka shimfiɗa ta a kan shekaru dubu ɗari, kusan tafiya ce mai tsari. Abin da ya fi ƙarfafa gwiwa kuwa shi ne shaidu daga nesa: matakalan tsibirin Barbados, masu nasu saurin hawan daban, sun ba da kusan zamunna iri ɗaya na cikar teku, kuma a 1986 Chappell da Nicholas Shackleton sun gwama sakamakon Huon da na lakar ƙasan teku. Inda shakka ta fi yawa shi ne a kan turken kansa. Ƙiyasin cikar tekun wancan zamani ya kai daga mita 6 zuwa 9, a lokacin da ɗumin duniya bai yi wa na yau nisa ba. Tazarar mita ukun nan ba za ta sauya siffar lissafin Huon ba, amma ga birane irin su Dhaka da Jakarta da Legas ita ce tambayar da ake jiran amsarta.