Kallon Tsuntsaye A Jos Bayan Wucewar Hunturu

Duk wanda ya taɓa kwana a Anguwan Rukuba cikin watan Disamba ko Janairu ba ya bukatar a ba shi labarin sanyin Jos. Garin yana kan tudu mai tsawon kamar mita 1,200 daga gaɓar teku, kuma a wasu darare sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10, har ruwan randa ya gagari alwala. A irin wannan lokaci tsuntsaye ma makara suke yi, sai hantsi ya dubi ludayi sannan ka gan su kan duwatsu suna shan rana.

Amma da zarar hazo ya fara yayewa wajen ƙarshen Fabrairu, sai abin ya sake. Ciyawa ta bushe, ganye ya ragu, ruwa ya koma 'yan gurbabe kaɗan, don haka tsuntsu ba shi da maɓoya. Mai son kallo ya sami gindin ɓaure ko bakin rafi ya zauna shiru da sassafe, su za su zo su same shi. Cikin unguwa kanta akwai kurciya da hasbiya da hankaka, ga shirwa tana shawagi. Ungulu kuwa, wadda a da ake kora a mahauta, yanzu sai an dace, domin tun 1990 da 'yan kai take ƙarewa, har a 2015 aka sa ta cikin jerin masu gab da ɓacewa.

Wanda ke son fili mai faɗi sai ya ratsa gari zuwa gandun namun daji da ke kan hanyar Miango, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Yawancin baƙi kejin dabbobi suke nufa, ba su ɗaga kai sama, alhali kuwa rabin abin kallon yana kan itatuwa.

Sai dai a ganina babban rabon mutumin Anguwan Rukuba yana gabas da shi ne, watau dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga, tafiyar kamar kilomita 15 daga tsakiyar gari. Faɗinsa bai wuce hekta 300 ba, amma an ƙidaya tsuntsaye iri daban-daban kimanin 300 a cikinsa. Nan ne mazaunin cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda aka kafa a 2001. A wannan lokaci na shekara ne ƙananan tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suke cin abinci babu ƙaƙƙautawa, suna tara kitsen da za su ƙetare Sahara da shi a watan Afrilu. Sanyin da muke kuka da shi, su wurinsu hutu ne.

Akwai kuma wani ɗan jan tsuntsu mai zama cikin duwatsu, wanda masana ba su san da shi ba sai a 1998, kuma yadda aka gano shi abin mamaki ne. Wani baƙin tsuntsu na wannan tudu ba ya yin sheƙa, sai ya saka ƙwansa cikin ta wani a rena masa, ɗan kuma ya tashi da kukan gidan da ya girma. Wani masani ɗan Amurka, Robert Payne, ya lura kukan baƙin bai dace da na kowane tsuntsu da aka sani ba. Bin sawun wannan kuka ne ya kai ga jan tsuntsun.

Abin damuwa shi ne, sanyin nan yana cin itace. Kowace shekara gatari na ƙara shiga kurmin bakin rafi don jin ɗumi da girki, mafarauta na cinna wa ciyawa wuta, masu fasa dutse na bi da guduma, gine-gine kuma na matsawa gabas. Ba a zargin talakan da ke neman abin ɗumama 'ya'yansa, amma hukuma na iya kare ragowar itatuwan rafi, ta kuma dasa na gida irin su ɓaure da cediya maimakon turare kaɗai.

Mai niyyar zuwa ya riƙe rigar sanyi da madubin hangen nesa, ya nemi izinin cibiyar kafin ya shiga Amurum, ya kuma yi sammako, domin bayan ƙarfe 9 dajin kan yi tsit.