Bindigogi Uku A Ɗakin Tsohon Maharbi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin abin da na gano a ƙasar Alkaleri.

Da na sami hutu daga ofis, sai na tafi ganin dajin Yankari, na sauka a wani ƙauye na bakin dajin, gidan wani tsohon maharbi. A ɗakinsa na tarar da bindigogi uku a rataye, kowace da zamaninta.

Ta fari adaka ce, ƙirar maƙera, gadon ubansa, wadda akan ɗura wa albarushi ta baki. Da ita ya koyi harbi yana saurayi, kafin Gwamnati ta keɓe dajin a 1956. Ta biyu mai baki biyu ce, ya saye ta da kuɗin gyaɗa, ya yankar mata lasin bisa dokar 1959, don korar birai daga gona. Ta uku ta tsufa ce, ba ta taɓa kashe ko zomo ba, sai bugun Salla.

Na ce, "Baba, wa zai gaje su?" Ya nisa, ya ce 'ya'yansa duk suna birni, ba mai lasin, ga shi ɓarayin daji suna neman makami ido rufe.

To, jama'a, bindiga ba riga ba ce da za a jefa cikin rabon gado. Mai irin wannan kaya ya miƙa su ga hukuma ko gidan tarihi tun yana da rai. Allah ya sa mu dace, amin.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Bauchi