Daga Kano Zuwa Dutse: Ta Sama Ko Ta Wudil?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi wa 'yan'uwana masu karatu wani ɗan lissafi na tafiya.

Garinmu Wudil yana bakin kogi, a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, kamar mil 26 daga birni. Duk mai zuwa Dutse daga Kano a mota sai ya taka gadarmu, ya bi ta Gaya. A zamanin fatake da jakuna, tafiyar nan ta kwana uku ce ko huɗu.

A shekarar 1925 jiragen sama suka fara sauka Kano, guda uku ne na sojan Ingila, daga Masar suka taso. Dutse kuwa ta zama hedkwatar Jihar Jigawa a 1991, aka buɗe filin jirginta a 2014, zamanin Gwamna Sule Lamido. To, tun da kowane gari ya sami filinsa, sai na ji waɗansu samari suna cewa da za a sa jirgi yana kai da kawowa tsakaninsu, da an huta da gadar Wudil. Ku zo mu auna.

Tsakanin filayen nan biyu, in an miƙe sak kamar yadda shirwa ke yi, kamar mil 56 ne. Jirgi mai farfela zai cinye su cikin minti 20 ko kusa da haka. Amma jirgi ba ya ɗaukar mutum a ƙofar gidansa. Sai ka ratsa birni zuwa fili, ka isa tun da sauran sa'a guda, a auna kaya, a bincika ka, ka zauna jira. In an sauka ka jira akwatinka, ka nemi motar shiga gari. Haɗa duka, sa'a biyu sun wuce. Ta mota kuwa mil 60 ne da ɗoriya, in hanya ta yi kyau sa'a biyu ba su cika ba ka isa, kuɗin kuma ba a haɗa su. Ashe nan ne sauri ya haifi nawa. Balle mutumin Wudil, wanda sai ya koma Kano da baya, sa'an nan ya tashi ya wuce ta kusa da gidansa!

Kada a ce na raina jirgi. Alhazan Jigawa da ke tashi daga Dutse zuwa Ƙasa Mai Tsarki sun san amfaninsa, gama tafiyar da kakanninmu kan yi shekaru a kanta yanzu ta 'yan sa'o'i ce. Jirgi na nesa ne, kusa kuwa sai hanya.

Saboda haka ina roƙon hukuma ta dubi hanyar nan da idon rahama, musamman ran Juma'a, ranar kasuwar shanunmu, sa'ad da manyan motoci kan cunkushe bakin gada. Minti 30 da aka rage wa majinyaci ko ɗan kasuwa a nan ya fi masa jirgin da ba zai taɓa shiga ba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Wudil.